Shambur mai fashewa, kai mai rawa: yadda wani mai babura uku a Damagaram ya koma sauya taya da hannunsa

Mutumin da baburansa

Mutumin da wannan bayani ya shafa ɗan kasuwa ne mai matsakaicin ƙarfi, shagonsa na kayan masarufi yana gefen kasuwar Dole. Yana da moto uku, duka masu inji 125 ƙirar ƙasar Sin, ƙafafunsu na waya ne masu shambur (robar da ke riƙe iska) a cikin taya, tayar gaba 2.75-18, ta baya 3.00-18. Biyu ya ba samari suna kabu-kabu a cikin gari, daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa tasha, kowace yamma su kawo masa abin da aka yi yarjejeniya. Gyara da taya a wuyansa suke. Na ukun shi yake hawa da kansa: ran Lahadi ya ɗaure kaya ya nufi kasuwar Mirriya, kilomita 18 gabas da gari, wasu ranakun kuma ya bi kwalta yamma zuwa Takeita, mai nisan kusan kilomita 50, wani lokaci har Matamaye.

Tun yana saurayi ya ɗan taɓa koyon walda kafin ya koma kasuwa, don haka ƙarfe da sifana ba baƙinsa ba ne. Amma taya bai taɓa cire ta da kansa ba. Kamar kowa, idan ta sace sai a gungura moto zuwa gindin bishiyar mai faci mafi kusa.

Agusta zuwa Oktoba 2023: shambur ya fara cin riba

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya kuma ta rufe iyaka. Kayan moto da yawa da ake sayarwa a Damagaram ta Kano suke biyowa, sai suka yi wuya, suka yi tsada. Masu shaguna suka fara zaƙulo abin da ya daɗe a lungu. Tayoyi biyu da mutumin ya saya a watan Satumba daga cikin irin waɗannan suke. Daga baya ne ya koyi karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikin taya, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Nasa 4118 ne, wato mako na 41 na 2018. Shekara biyar suna ajiye cikin zafin shago mai rufin kwano, roba ta bushe ta yi tauri.

A waɗannan watanni da wuya mako ya fita ba a kira shi sau biyu ba. "Maigida, ta sake sacewa." Wani lokaci sabon shambur ne da bai kwana uku ba. Kuɗin faci ba shi ne ciwon ba. Ciwon shi ne rabin yini da ke tafiya, da sabon shambur da ake cewa ya wuce faci sai an sauya. Ya fara zargin samarin da haɗa baki da masu faci, su kuma suka ce kayan da yake saya ne ba su da kyau.

Sai ya kafa doka: duk shambur da aka cire a kawo masa gida. Yana hura shi, ya tsoma a ruwa, ya rubuta a bayan littafin bashin shago inda hujin yake. Cikin 'yan makonni abin ya rabu gida huɗu. Huji a bayan shambur, ta wajen da ke taka ƙasa, na ƙusa ne ko ƙayar aduwa. Huji ta ciki, wajen da ke kwanciya a kan janti (da'irar ƙarfen da taya ke zama a kai), kan waya ne ko tsatsa. Tsaga biyu ƙanana kusa da juna a gefe, ƙarfe ne ya cije shi. Sai yagewa a gindin bawul, wato bakin da ake hura iska ta cikinsa. Da ya lissafa, na ƙusa da ƙaya ba su kai rabi ba. Sauran duk daga cikin ƙafar suka fito, ba daga hanya ba.

Nuwamba: gwajin farko, a tsakar gida

Ya yanke shawarar yi da kansa. Kayan aikinsa a lokacin liba (ƙarfen ɗaga bakin taya) biyu ne gajeru, da babbar sukudireba, da famfon hannu. Ya kwantar da ƙafar baya a ƙasa a tsakar gida.

Cirewa ba ta ba shi wuya sosai ba. Mayarwa ce ta gagara. Idan ya zo taƙi na ƙarshe sai leɓen tayar ya miƙe ya ƙi hawa, ya taka da ƙafa, ya danna liba har ta kwanta, taya ta faɗa da ƙara, ya hura, iska ta fita. Shambur biyu sababbi ya ɓata haka a mako guda, duka da tsaga biyun nan na gefe. Sukudireba kuma ta karce bakin janti.

Don ya sauƙaƙa wa kansa sai ya shafa baƙin mai a leɓen taya, kamar yadda ya ga wasu na yi. Taya ta hau da sauƙi. Kwana 9 bayan nan shambur ɗin ya yage a gindin bawul a kan hanyar Mirriya, moto ɗauke da kaya. Mai ba ya bushewa. Duk lokacin da aka taka birki ko aka ba da wuta, tayar tana ɗan zamewa a kan janti, tana jan shambur, shi kuwa bawul yana maƙale a raminsa, har ya tsinke. Ban da haka mai yana cin roba.

Akwai kuma rairayi. Aiki a ƙasa a Damagaram yana nufin yashi ya shiga cikin taya, ya shiga bakin boris, zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ƙafa ke juyawa a kansa. Ƙwayar tsakuwa guda tsakanin taya da shambur ta isa ta huda shi a hankali.

Disamba da Janairu: na'urar da ta ƙi shiga

Wani mai gareji da ya sayi inji mai aiki da iska ya sayar masa da tsohuwar na'urarsa ta hannu, a kan kuɗin da ya kai na sababbin tayoyi biyu. Irin wadda aka sani ce: turke na ƙarfe a tsaye, faranti da ake ɗora ƙafa, hannu mai danna leɓen taya ya rabu da janti, da doguwar sanda mai baki biyu, ɗaya na cirewa ɗaya na sakawa, wadda ake jingina ta da turken a zagaya.

Ranar farko ya ga matsalar. Na'urar ta ƙafar mota ce. Turkenta kauri ne da shi, an yi shi don ya bi ta babban ramin tsakiyar jantin mota. Ƙafar moto kuwa boris ne a cibiyarta, ramin gaba milimita 12 kacal. Turke bai shiga ba. Ko da zai shiga, na'urar ba a kafe take ba, da ya ja sanda sai ta biyo shi.

A nan tsohuwar sana'arsa ta yi rana. Shi da wani mai walda suka yanke turken daidai faranti, suka dasa sandar ƙarfe mai zare ta milimita 12 a gurbinsa. Suka samo tsohon jantin mota mai inci 14 suka liƙa shi a kan faranti, bakinsa sama, suka tsaga tiyon ruwa suka lulluɓe bakin. Idan aka kwantar da ƙafar moto, cibiya ta faɗa cikin ramin, wayoyi su zauna a kan roba, a zura katako mai huji da noti daga sama a ɗaure. Wani guntun bututu mai kauri ake zurawa a kan sandar mai zare idan za a jingina doguwar sanda, don kada siririyar ta lanƙwashe. A zaure ya zuba siminti, ya binne ƙusoshi huɗu masu zare, ya kafe na'urar. Sai da ya jira mako guda simintin ya kama.

Ƙafa ta tashi daga ƙasa, ta daina gudu, hannuwansa biyu suka samu 'yanci. Amma taya ta farko da ya saka a kai, da doguwar sanda, ta sake cinye masa shambur. Lokacin hunturu ne, da safe roba ta ƙame, taƙin ƙarshen nan yana nan yadda ya bar shi.

Abin da tsohon mai faci ya nuna masa

Akwai wani dattijo a unguwar da ya shekara da yawa yana faci kafin idonsa ya yi rauni. Ya leƙo zaure wata safiya ya tarar da shi yana gumi a kan ƙafar gaba. Ya tsaya kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ajiye ƙarfen nan tukuna. Ina kake dannawa?"

"Inda ta ƙi hawa, Baba."

"Can ba ruwanta. Dubi ɗaya ɓangaren."

Ya sa shi ya shafa tsakiyar janti da yatsa. Akwai kwari a nan, zagaye da ƙafar gaba ɗaya, inda kawunan wayoyi suke. A cikin leɓen taya akwai wayar ƙarfe wadda ba ta miƙewa ko kaɗan, kuma da'irarta ta fi ta bakin janti ƙanƙanta. Hanya ɗaya ce take hawa: ɓangaren da ya riga ya shiga ya faɗa cikin kwarin, sai ɗaya ɓangaren ya samu sarari. Idan leɓen ya hau kafaɗar janti a can, duk ƙarfin da aka sa a nan ba zai yi komai ba sai yanka shambur ko tsinka wayar leɓe. Dattijon ya matse tayar da tafin hannu ta ɓangaren da ke fuskantar wurin aikin, ya cusa guntayen katako biyu don kada leɓen ya dawo sama, ya ce a gwada. Liba ta ɗaga sauran kamar ba ita ce ta gagara ba.

Sauran abin da ya gyara masa ƙanana ne, amma kowanne yana da huji irin nasa a littafin. A shanya sabuwar taya a rana rabin awa kafin a fara. Ruwan sabulu a leɓe, ba mai ba, don shi yana bushewa taya ta kama janti. A barbaɗa wa shambur hoda, a ɗan hura shi ya yi siffarsa kafin a zura shi, saboda shambur da ya kwanta shi ne ke shiga ƙarƙashin liba. A fara cirewa daga wajen bawul, a kuma ƙarasa sakawa a wajen bawul, domin gindinsa yana tare kwari, leɓe ba zai faɗa a nan ba. A riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, faɗin yatsu uku, kuma kada liba ta wuce tsaye, don da ta kwanta bakinta ke matse shambur da janti. Kafin a hura a tura bawul ciki da yatsa, a tabbatar leɓe bai hau gindinsa ba. Notin bawul kuma kada a ɗaure shi da janti. A bar shi sama wajen murfi, yadda idan taya ta fara zamewa za a ga bawul ya karkace kafin ya yage.

Da suka buɗe ƙafafun kabu-kabu biyun, uku cikin huɗu babu robar da ke rufe kawunan wayoyi. Ta tsinke a wani faci an yar da ita. Ya kankare tsatsa da burushin ƙarfe, ya goge kan wayoyin da suka tsiro, ya yanko zobe daga tsohon shambur ya rufe kwarin. A ƙafa ɗaya kuma suka tarar da shambur na babbar taya an cusa shi a ƙarama, ya ninke, ninkin ya fara tsagewa. Ɗaya tayar baya an saka ta a juye, kibiyar da ke jikinta tana kallon baya.

Zuwa ƙarshen Janairu yana sauya taya cikin minti 20 zuwa 25, ban da cire ƙafa da mayar da ita. Doguwar sanda a cirewa kawai yake amfani da ita. Sakawa da liba uku yake yi.

Fabrairu 2024: kai ya fara rawa

Ya saka sabuwar taya a gaban motonsa. A cikin gari lafiya lau. Da ya hau hanyar Takeita, daga kilomita 65 a awa sai kan moton, inda ake riƙewa, ya fara karkarwa, madubi ya daina nuna komai, tafin hannu ya yi sanyi. Ya kai 80 abin ya ƙaru. Ya sauko 50 ya ɓace.

Bakanike na farko ya ce wuya ne, ya ɗaure notin wuya. Kai ya yi nauyi, rawa tana nan. Na biyu ya ce boris ne, aka sauya biyun gaba. Ba canji. Wani ya ce a ƙara iska. Aka ƙara, moto ya koma tsalle a kan gargada. Ya kuma zuba ruwan nan mai kauri da ake sayarwa don toshe hujin ƙaya, da fatan jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Da safe rawar ta fi tsanani, domin ruwan ya kwana ya taru a wuri guda. Ya sauya shambur ɗin. Kusan duk watan a haka ya tafi, kuma ya sassauta notin wuyan ya mayar da shi yadda yake.

Maris: aka koma awo

Ya dawo zaure ya haɗa wani abu mai sauƙi: ƙarfe biyu a tsaye a kan faranti, kowanne da ƙananan boris biyu a kansa gefe da gefe, an ɓalle musu murfi, an wanke girisinsu da kananzir, an ɗiga musu man keken ɗinki. Miƙaƙƙiyar sanda ta milimita 12 ta bi ta cibiyar ƙafa ta kwanta a tsakanin boris ɗin. Dalilin boris na waje shi ne na cikin ƙafa suna da giris da roba, suna riƙe ta, ba za su bari ƙaramin nauyi ya juya ta ba.

Kafin ya kai ga nauyi, juya ƙafar a gaban idonsa ya nuna masa abu biyu. A gefen kowace taya akwai siririn layi da aka zana kusa da leɓe, wanda ya kamata ya bi bakin janti da tazara ɗaya duk zagaye. Nasa ya nutse a wani wuri mai tsawon taƙi guda. Leɓen bai gama hawa kafaɗa ba, taya ta zama ba da'ira ba. Ya sace iska, ya shafa ruwan sabulu, ya hura zuwa bar 2.8 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne), iyakar da masu ƙera taya ke cewa kada a wuce wajen zaunar da leɓe, layin ya fito, ya rage iska.

Na biyu jantin kansa. Ya lanƙwasa guntuwar waya ya ɗaure ta a jikin ƙarfen, bakinta dab da gefen janti, ya juya. Janti yana zuwa ya taɓa waya, ya koma ya bar tazarar milimita 4. Littattafan gyaran ƙananan babura galibi milimita 2 suke ba da iyaka. Ya bi wayoyi 36 yana ƙwanƙwasa su da sifana: mai kyau tana ƙara siririya, sakakkiya tana amsawa a dushe. Biyar a jere sun saki. Ya gwada ɗaure su da kansa, karkatar gefe ta ragu, sai janti ya fara tsalle sama da ƙasa. Ya haƙura ya kai wa mai gyaran keke, mutanen da suka fi kowa sanin wannan aiki, ana sassauta na nan ana ɗaure na can rubu'in juyi-rubu'in juyi. Ya dawo da ita karkatar ba ta kai milimita 1 da rabi ba.

Ya hau hanya. Rawar ta ragu ƙwarai, amma daga 70 akwai saura.

Sai aka zo ga nauyi. Ya rufe ƙofar zaure, don iska kaɗan tana juya ƙafar ta ɓata awo. Ya ɗan tura ta ya bari ta tsaya da kanta, ya yi alama da alli a ƙasa. Ya sake, ta tsaya a wuri ɗaya. Ya sake, haka. Wurin da ke komawa ƙasa shi ne mai nauyi, kishiyarsa a sama shi ke buƙatar ƙari, kamar mangalar jaki da gefe guda ya rinjaya. Ya manna sulallan dala goma da salatif a saman, ya juyo wurin ya kwanta a gefe, ya saki. Idan ya koma sama, a ƙara. Idan ya gangara ƙasa, a rage. Da ƙafa ta yarda ta tsaya duk inda aka bar ta, ya ɓalle sulallan ya kai wa wani maƙerin azurfa ya ɗora a sikeli. Giram 55.

Ya ga abin ya yi yawa. Tayoyi masu tsada suna zuwa da ɗigon fenti, galibi rawaya, a wurin da ya fi rashin nauyi, don a daidaita shi da bawul. Tasa ba ta da shi. Ya cire taya ya auna janti tsirara, ya ga nauyinsa ba ma a wajen bawul yake ba, yana wajen da aka haɗe ƙarfen da walda. Ashe nauyin taya da na janti gefe ɗaya suka taru. Ya mayar da tayar ya juya ta rabin zagaye a kan janti, ya sake awo: giram 30.

Talatin ɗin nan a tafin hannu ba komai ba ne. A kan ƙafa mai juyawa lissafin daban ne. Ƙafa mai inci 18 a gudun kilomita 80 tana zagayawa kusan sau 12 a daƙiƙa, kuma giram 30 a bakin taya yana fizga da ƙarfin da ya kai kusan kilo 5, sama da ƙasa, a kowane zagaye. Idan gudu ya ragu da rabi, fizgar tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. A kilomita 40 ba ta fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, abin da ramukan unguwa ke haɗiyewa.

Ya sayo dalma mai manne ta masu tayar mota, 'yan giram 5 da 10, ya liƙa. Rawa ta ɗauke har zuwa 85, iyakar abin da yake yi. A watan ne kuma aka sake buɗe iyaka, kaya suka fara shigowa.

Afrilu da Mayu: zafi ya gwada aikin

Bazarar Damagaram tana haura digiri 40. Kafin Afrilu ya ƙare rabin dalmar ya faɗi. Jantin waya siriri ne mai lanƙwasa, manne ba ya samun shimfiɗa, zafi ya narkar da shi, ƙura ta shiga. Ya koma ga tsohuwar dabara: wayar dalma mai kauri ta masu gyaran rediyo, ya auna giram 30, ya raba uku, ya naɗe a gindin wayoyi uku da ke jere, ya matse da filaya. Ba ta sake motsi ba. Yana wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa ta, kuma ba ya barin gutsattsarinta inda yara ke wasa.

Zafin ya tono wani abu kuma. Ya sayi gejin awon iska, ya bi baburan. Takardar da ke manne a jikinsu ta ce bar 1.75 a gaba, 2.0 a baya, 2.25 idan da goyo. Ɗaya yaron yana yawo da 1.2 a baya, yana rage iska da gangan don yashin lunguna, sannan ya ɗauki mutum biyu. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa, tana zafi, tana zamewa a kan janti, kuma a bakin rami janti ne ke cizon shambur. Ɗayan da ya karɓi geji sai ya riƙa aunawa da azahar, ya ga 2.6, ya sace, washegari da safe ta yi ƙasa. Iska tana kumbura da zafi, kusan bar 0.1 a kowane digiri 10, kuma lambar da ke takarda ta taya mai sanyi ce. Aka tsayar da awo ran Litinin da Alhamis bayan sallar asuba, kafin a fitar da moto.

Ya daidaita nauyin ƙafafun kabu-kabu huɗun ma. Ya tambayi samarin ko sun ji bambanci. "Wallahi maigida, duk ɗaya ne."

Daminar 2024

Damina ce mai ruwa, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba. Baburan sun sha ratsa ruwa. Da ya buɗe ƙafafu a ƙarshenta ya tarar ruwa ya bi ta ramukan wayoyi, tsatsa ta dawo a kwari biyu. Ya kankare ya shafa fenti. A littafin, kiran "ta sace" ya koma kamar sau biyu a wata ga baburan uku, kuma kusan duka ƙusa ce ko ƙaya. Yagewar gindin bawul ba ta sake faruwa ba. Tsaga biyun gefe ta bayyana sau ɗaya, bayan wani facin bakin hanya.

Me ya yi aiki, kuma don me

A ganina na'urar ba ita ta warware matsalar ba, ko da yake ita ce abu mafi tsada da ya saya. Amfaninta na gaskiya biyu ne: ta ɗaga aiki daga yashi, ta riƙe ƙafa. Wannan kuwa jantin mota da sandar zare da siminti suka yi, waɗanda mai walda zai haɗa ba tare da an sayi komai ba. Hannun da ke raba leɓe da janti kusan zaman banza ya yi, don tayar shambur da diddige ma tana sakuwa. Abin da ya tsayar da asarar shambur shi ne sanin kwarin janti, da sabulu, da robar rufe wayoyi, da geji. Littafin hujin ne ya sa aka san inda za a duba. Ba don shi ba da har yanzu ana zargin samari.

Batun rawa kuwa, Fabrairu ya tafi a banza ne saboda an yi ta sauya kaya ba a juya ƙafa an kalle ta ba. Dalilai uku ne suka haɗu, kuma jerin gyaransu ba ya juyuwa: zaman leɓe, miƙewar janti, sannan nauyi. Da ya fara da dalma a kan karkataccen janti, da ƙafar ta tsaya cak a kan ma'auni ta kuma ci gaba da rawa a hanya. Daidaita nauyi ya biya wahalarsa a ƙafar gaban moton da ke bin kwalta. Ga na cikin gari ɓata lokaci ne, ya kuma daina.

Akwai abin da bai gyaru ba. Samarin ba za su gunguro moto daga Zango zuwa zaurensa don ƙusa ɗaya ba, kuma bai kamata ba. Mai faci na bakin hanya yana nan da aikinsa. Abin da ya iya shi ne ya zaɓi biyu da ya yarda da hannunsu, ya ce can za a riƙa zuwa, a kuma tsaya a ga an mayar da robar kwari.

A ƙarshen shekara ya sayar da ɗaya daga cikin na kabu-kabu ya sayi mai jantin alminiyom, wanda tayarsa ba ta da shambur. Nan hannun raba leɓe ya samu aiki, don irin wannan leɓen yana kama janti gam, kuma sai ya naɗe bakin liba da guntun jarka kada ya karce alminiyom. Amma famfon hannu ba ya iya zaunar da leɓen, iska tana fita kafin ya hau. Wani ya ba shi shawarar zuba fetur a ƙyasta ashana, ya ƙi. Yanzu yana saka tayar a gida, ya ɗaura ƙafar a bayan moto ya kai wa mai injin iska a bakin kasuwa, ya dawo ya ɗora ta a ma'auni.